Allurar Da Ta Ƙi Tsayawa Wuri Ɗaya

Yau a filinmu na ilmin kimiyya zancen wari za mu yi, da zancen wata allurar ma'auni wadda ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Na san wani zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? To, a ba ni aron kunnuwa, gama abin da ya haɗa su ya shafi ran ma'aikaci a nan Amurka, ya kuma shafi ruwan kogin Challawa a Kano.

A unguwar Bronx ta birnin Niyu Yok akwai wani babban titi da a ke kira Grand Concourse. Wani injiniya haifaffen Faransa mai suna Louis Risse shi ya zana shi, aka buɗe shi cikin 1909, tsawonsa kuwa ya ɗara mil 5 kaɗan. Mutanen Afirka ta Yamma sun yi yawa cikin layukan da ke kewaye da shi, har da Hausawan zangon Gana, da na Nijar, da na Nijeriya. Mai tafiya bisa titin nan benaye ya ke gani, da kantuna, da motoci. Ba ya ganin abin da ke gudana ƙarƙashin ƙafarsa, watau ruwan wanka da na wanki da na bayan gida na dubban gidaje, yana bin manyan lambatu zuwa kudu, a kai shi tsibirin Wards inda a ke tace shi. An buɗe matatar nan cikin 1937, an kuwa shirya ta ta iya karɓar galan miliyan 275 kowace rana. Ruwan gabashin Bronx kuma Hunts Point a ke kai shi, wadda ta fara aiki cikin 1952. Birnin duka yana da irin waɗannan matatu 14.

Duk inda ƙazamin ruwa ya kwanta cikin duhu, iska ba ta ratsa shi, akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani waɗanda ba su bukatar iskar da mu ke shaƙa. Su kan ci wani gishiri da ke cikin ruwan, mai ɗauke da farar wuta, su mai da shi abin da masana ke kira salfaid. Kada sunan ya ba ku tsoro, kun daɗe da sanin abin. Kwallin dutse da iyayenmu mata ke sa wa ido, yawancinsa darma ce haɗe da farar wuta, salfaid ke nan. Baƙin da zoben azurfa ya kan yi in ya jima a ajiye, shi ma salfaid ne. Amma wanda ya dame mu yau shi ne mai tashi kamar iska, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda kowa ya taɓa wucewa kusa da tsohuwar salga ya san shi.

Iskar nan makira ce. Hanci ya kan ji ta tun ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan na iskar wuri ba. In ta kai kashi 100 zuwa 150 cikin miliyan, sai ta kashe jijiyar jin wari, mutum ya zaci ta wuce, alhali kuwa lokacin ta yi yawa. In ta haura 700, numfashi kaɗan ya isa ya kā da ƙato. Ta kuma fi iska nauyi, saboda haka gindin rami ta ke taruwa. A watan Yuni na 2009, a unguwar Jamaica ta Queens cikin birnin nan, wani saurayi ya faɗa wani ramin ruwa a wurin aiki, mahaifinsa ya shiga ya cece shi, wani ma'aikaci ya bi su, su uku duka ba wanda ya fito da rai. Cikin 1950 a garin Poza Rica na ƙasar Meziko ta tsere daga ma'aikatar iskar gas da asuba, ta kashe mutum 22. Ko kankare bai tsira ba. Cikin 1945 wani masani a Melbourne ta Ostareliya, C. D. Parker, ya nuna waɗansu halittun dabam da ke zaune a rufin lambatu su kan mai da iskar nan ruwan batir, ruwan batir kuwa ya ci siminti har rufin ya rufta. Mutanen Hunts Point su ma sun sha fama da wari iri iri shekara da shekaru, har wata ƙungiyar iyaye mata ta unguwar, Mothers on the Move, ta kai ƙara kotu cikin 2008, cikin 2010 kuma aka rufe wata ma'aikatar da ke mai da laka taki a can.

To, tun da daɗewa masana suka yi tunani, me zai hana a kashe dafin salfaid da wutar lantarki? Dabarar ba ta da wuyar faɗi. A tsoma faranti biyu na ƙarfe cikin ruwan, a haɗa ɗaya da kan batir mai alamar tarawa, ɗayan da mai alamar ɗebewa. Farantin farko sai ya riƙa fizge ƙwayoyin lantarki daga jikin salfaid. In ya fizge biyu, salfaid ya koma farar wuta tsantsa, rawaya, marar wari, wadda har sayar da ita a ke yi. Ba a zuba wani magani ba, ba a ƙona kome ba.

A nan ne allura ta shigo. Mai gwaji ya kan daidaita na'urarsa ta riƙa ba da wuta daidai wa daida, ba ƙari ba ragi, sa'an nan ya sa ma'auni ya ga irin ƙarfin turin da a ke bukata kafin wutar ta ratsa. Hankali ya ce, tun da wuta ɗaya ce, ruwa ɗaya ne, faranti ɗaya ne, allura za ta nemi wuri ta tsaya. Ina! Sai ta hau a hankali, ta hau, ta faɗo gaba ɗaya, ta sāke hawa, ta sāke faɗowa, kamar yaro bisa lilo, ba kuwa mai taɓa ta. In an juya gwajin, aka tsai da ƙarfin turi wuri ɗaya, sai yawan wutar ya kama nasa kai da kawowa.

Wanda ya girma a gidan ƙasa ba zai sha wahalar gane dalili ba. Ku tuna da rariyar gida ran da a ke ruwan sama mai yawa. Ruwa na zuba daidai, bai ƙaru ba bai ragu ba. Yana gudu zuwa rariya ɗauke da yayi da kara da ganye, har su toshe bakinta. Da ta toshe sai ruwa ya fara taruwa a tsakar gida, yana hawa, har nauyinsa ya isa ya ture toshiyar. Sai ya fita da ƙarfi, tsakar gida ta janye, yayi kuma ya soma taruwa sabo. Wanda ya kafa sanda yana auna zurfin ruwan zai ga yana hawa yana sauka, ko da ya ke sama ba ta sāke hannu ba. Haka farantin nan ya ke. Farar wutar da ya ke yi ba ta barin lantarki ya ratsa ta, kuma bisa fuskarsa ta ke kwantawa. Watau da aikinsa ya ke toshe kansa. Yayin da ta lulluɓe shi, dole na'ura ta ƙara ƙarfin turi, allura ta hau. Yayin da lulluɓin ya yaye, ta faɗo.

Amma misali ba ya cika kama da abu ta kowace fuska. Yayi ture shi a ke yi, farar wuta kuwa hanyoyin kawar da ita sun fi ɗaya. Salfaid ɗin da ya rage cikin ruwan shi kansa ya kan narkar da ita, ruwan ya koma rawaya. In turi ya yi ƙarfi ainun kuma, sai a ƙara fizge mata waɗansu ƙwayoyin lantarki ta koma gishiri mai narkewa, ga kumfar oksijin na tashi daga farantin. In farantin na filatinam ne, shi ma ƙarfen ya kan yi wata 'yar fata ta tsatsa mai zuwa tana tafiya. Saboda haka lilon ba iri ɗaya ba ne. Wani ƙanana ne a jere, wani babba ɗaya da ƙanana a tsakani, wani kuwa ba shi da tsari ko kaɗan.

Abin ba sabo ba ne. Tun cikin 1828 wani Bajamushe, Gustav Fechner, ya ga wutar lantarki na kai da kawowa cikin wani gwaji nasa na baƙin ƙarfe da azurfa. Cikin 1905 wani ɗan ƙasarsu, Küster, ya rubuta a kan irin wannan lilo cikin ruwan salfaid. Sa'an nan zancen ya yi dogon barci. A zamaninmu Aicheng Chen da abokin aikinsa Miller na Jami'ar Lakehead a Kanada sun bayyana shi cikin 2004 bisa wani faranti irin na masana'antu, Qingyu Gao da jama'arsa a birnin Xuzhou na ƙasar Sin kuma suka bi shi bisa filatinam tun daga 2005. Cikin 2011 har suka ɗauki hoton fuskar farantin, suka ga ashe farar wutar ba gaba ɗaya ta ke kwantawa ba, tafiya ta ke yi bisa ƙarfen kamar igiyar ruwa, nan ta rufe can ta buɗe.

Dalilin dogon barcin nan ya isa a tsaya a kansa, gama akwai darasin da ya shafi makarantunmu. Malaman da sun ɗauka cewa haɗin magunguna hanya ɗaya ya ke bi, kamar ruwa mai gangarowa daga tudu, ba ya komawa baya. Saboda haka in ɗalibi ya ce ya ga abu na gaba yana baya, sai a ce kwalbarsa ce ba ta wanku ba, ko waya ce ta saki. Wani masani a Rasha, Boris Belousov, ya haɗa wani ruwa mai rikiɗa daga rawaya zuwa garau, ya koma rawaya, a kai a kai. Ya aika da bayaninsa ga wata mujallar masana cikin 1951, aka mayar masa, aka ce abin ba ya yiwuwa. Sai cikin 1959 ya sami 'yar kafa ya buga taƙaitaccen bayani cikin wani littafi da ba kowa ke dubawa ba. Wani saurayi, Anatol Zhabotinsky, ya ɗauki aikin ya ci gaba da shi. Aka ba su lambar girma ta Lenin cikin 1980, shekara 10 bayan Belousov ya riga mu gidan gaskiya. Ashe masu mujallar ba su yi ƙarya ba da suka ce ruwa ba ya hawa tudu, abin da suka manta shi ne kogi ya kan yi kwana-kwana kafin ya kai teku. Muddin ana ƙara wa abu ƙarfi daga waje, kamar yadda batir ke yi wa farantinmu, yana iya lilo har ƙarfin ya ƙare. Ilya Prigogine na Beljiyam ya sami kyautar Nobel cikin 1977 saboda bayanin irin wannan hali, Gerhard Ertl na Jamus kuma cikin 2007, wanda cikin ayyukansa har da irin lilon nan bisa fuskar filatinam.

Yanzu ga maganar da na tabbata tana bakin waɗansunku. Za su ce, Malam, mun ji, abin sha'awa ne, amma mutum uku sun mutu a rami, kogi ya ɓaci, ku kuwa kuna zaune kuna kallon allura tana rawa. Wannan ba wasan masu ƙoshi ba ne? Maganar tana da nauyi, ba kuwa zan yi mata amsar raini ba. Amma ni a ganina ba daidai ba ce, ga kuwa lissafin da ya sa na ce haka.

Mun ce ƙwayar lantarki biyu a ke fizgewa a mai da salfaid farar wuta. In ana so a wuce nan, a mai da shi gishirin salfet wanda ba ya toshe faranti, sai an fizge takwas. Watau wuta ninki huɗu. Wutar amfiya ɗaya in ta yi awa guda tana gudu, abin da za ta fitar na farar wuta bai wuce giram 0.6 ba. Kilo ɗaya ke nan yana cin amfiya wajen 1,700 na awa guda, ta hanyar salfet kuwa wajen 6,700. To, ga injiniya tsakanin abu biyu. Hanya mai araha tana toshe masa faranti, hanyar da ba ta toshewa kuwa tana cinye masa kuɗin wuta. Lilon allura a daidai kan iyakar hanyoyin nan biyu ya ke faruwa, gama shi ne lokacin da faranti ke toshewa yana kuma share kansa da kansa. Wanda ya san abin da ke sa lulluɓin ya yaye, da zafin da ya ke so, da yawan salfaid ɗin da ya ke bukata, shi ne zai iya ƙera na'urar da za ta yi wata shida tana aiki ba a buɗe ta ba. Wanda bai sani ba, na'urarsa za ta yi aiki ran da aka yi bikin buɗe ta, ta mutu kafin mako ya zagayo. Masana na Jami'ar Queensland a Ostareliya da suka gwada cire salfaid daga ƙazamin ruwa ta wannan hanya, wajen 2008 da 2009, toshewar nan ce ta tare su, dabarar da suka yi kuwa ita ce su riƙa juya kan wutar lokaci lokaci, farantin da ya toshe ya koma mai alamar ɗebewa har ya wanke. Kun ga lilo ke nan, sai dai da hannu a ke yinsa.

Mu koma gida. Fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe tana ƙetare Sahara, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko don ta can ta ke isa gare su. Majemanmu na gargajiya toka su ke sa wa fata gashi ya saki, su jeme ta da bagaruwa. Masana'antun jima na zamani da ke Sharaɗa da Challawa da Bompai kuwa farar ƙasa su ke haɗawa da salfaid na kanti, kamar kilo 2 ko 3 ga kowane kilo 100 na fata, gama yana narkar da gashi cikin kwana guda. Ruwan da ya rage bayan an gama, shi ne abin ji. Na Sharaɗa da Challawa kogin Challawa ya ke nufa, na Bompai kuma ya bi Getsi ya shiga Jakara, a bakin ruwayen nan kuwa akwai masu noman rani, da masu shayar da dabbobi.

Ga wani abu da ya kamata kowane ma'aikacin jima ya sani kamar sunansa. Masana suna da ma'aunin tsami mai hawa daga 0 zuwa 14, ƙasa tsami, sama kuwa irin kaifin toka da kanwa. Ruwan cire gashi ya kan kai 12 ko fiye, a nan kuwa salfaid a ɗaure ya ke cikin ruwa, ba ya tashi. In ma'auni ya sauko 7, rabinsa ya zama iri mai tashi. In ya sauko ƙasa da haka sosai, kusan dukansa. Alhali a ma'aikata ɗaya ɗin nan, 'yan matakai gaba, ana jiƙa fata cikin ruwa mai tsami wanda ya kan sauko wajen 3. Ranar da ruwayen nan biyu suka gamu cikin kwata ɗaya, ranar ce a ke ɗaukar mutum a sume.

Saboda haka ra'ayina kashi biyu ne, kada kuwa a gauraya su. Ga masu masana'antu da hukumar da ke duba su, ban ce su jira na'urar lantarki ba, ban kuma ce su saya ba in wani dillali ya kawo musu ita gobe da takarda mai ƙyalli. Filatinam ya yi tsada, wutarmu ba ta da tabbas, yawancin gwaje-gwajen da na ambata kuma cikin ruwa mai tsabta aka yi su, ba cikin ruwan jima mai gashi da kitse da farar ƙasa ba. Akwai tsohuwar hanya wadda masana'antun jima na ƙasashe da yawa ke bi. A raba kwatar ruwan salfaid da ta ruwan tsami tun daga tushe. A tara na salfaid a tanki nasa, a zuba ɗan gishirin manganis, a hura masa iska na waɗansu awoyi, oksijin ya kashe dafin kafin a sake shi. Wanda zai shiga rami a rataya masa ɗan ma'aunin nan mai ƙara in ya ji iskar, a ɗaura masa igiya, wani ya tsaya a baki. In kuwa mutum ya faɗi a ciki, kada ɗan'uwansa ya bi shi da hanci buɗe, kome zafin zumunci. Wannan ba ya bukatar wani sabon bincike, kuɗi kaɗan ya ke so da hukuma mai sa ido.

Kashi na biyu na malaman jami'a ne. Ina nufin Jami'ar Bayero, da Jami'ar Ahmadu Bello, da cibiyar nazarin fata da ke Samaru a Zariya, da takwarorinsu na Nijar. Sau da yawa a kan ce kimiyyar zamani ta fi ƙarfin aljihunmu, a wurare da dama kuwa gaskiya ne. Wannan fanni ba ya cikinsu. Abin da a ke bukata shi ne 'yar na'urar daidaita wuta, da kwamfuta mai rubuta motsin allura, da ɗaki mai zuƙe iska waje. Abin da mutanen Xuzhou da na Kanada ba su da shi a bakin ƙofa kuwa, mu muna da shi tanki tanki: ruwan jima na gaske, da zafin Kano na watan Afrilu, da rana mai ba da wuta ta faranti. A ɗebo ruwan Sharaɗa, a tace, a gwada shi da sandar gawayi irin ta cikin batirin tocila maimakon filatinam, a rubuta yadda allura ta yi a zafi kaza da tsami kaza, a kuma auna farar wutar da aka samu. In ta samu da yawa, ga manoma na bukatarta don ƙasa da feshin amfanin gona. Amma ina roƙon 'yan makaranta masu saurarona, kada wani ya gwada wannan a ɗakin kwanansa ko a zaure. Aikin ɗakin gwaji ne, gaban malami.

Samarinmu na nan Bronx su ma maganar ta shafe su. Kwalejin Hostos tana bisa Grand Concourse ɗin nan, daidai titi na 149, an kafa ta cikin 1968, 'ya'yan baƙi da yawa kuwa ta nan su ke fara karatun gaba da sakandare. Matatun Wards da Hunts Point suna ɗaukar ma'aikata masu ilmin ruwa da na haɗa magunguna, wanda kuma ya yi shekara biyar yana aiki cikinsu ya san yadda a ke auna iskar nan, da yadda a ke shiga rami a fito, da yadda a ke rufe tanki a tace warinsa da gawayi. Irin wannan mutum in ya je hutu Kano ko Maraɗi, yini ɗaya da zai yi tare da ma'aikatan jima ko masu yashe salga ya fi tsarabar akwati biyu amfani.

A nan za mu dakata yau. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.